Keken Ƙafa Bai San An Ɗauke Wuta Ba

Tun ban tsoma alƙalami ba na ji tsakinku. Wani ya riga ya ce, "To, masu yabon duhu sun iso." Wata Hajiya ta taɓe baki ta ce da ganin wannan bai taɓa kai ɗinki ana saura kwana uku Sallah ba. Na kai, Hajiya. Na kai, na zauna a benci har ƙafata ta yi tsami, na ci alƙawari na ƙoshi, na koma gida hannu rabbana. Shi ya sa nake da bakin magana. Ku dai gyara zama, wanda ya ga na kauce hanya ya ja mini birki.

Maganata ɗaya ce. Ɗinki ya girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba, kuma har gobe ba ya neman izininta. Duk telan da ya ce maka "ba wuta" shi ya sa rigarka ba ta fito ba, rabin gaskiya ya faɗa maka. Sauran rabin yana can lungun shagonsa, an ɗora masa buta.

Wata shekara, ana gobe jajiberin ƙaramar Sallah, ina zaune a shagon telan unguwarmu ina gadin kaftanin yarona, don na daɗe da gane cewa in ba ka zauna a kan kayanka ba, na wani za a ɗinka. Kekuna biyar ne a shagon. Huɗu irin na yanzu ne masu moto a ƙasa, waɗanda samari ke kira indastiriyal, in an taka su sai ka ce jirgi ne zai tashi. Na biyar tsohon Butterfly ne baƙi, zanen ruwan zinariyar jikinsa duk ya koɗe, an tura shi lungu ya zama tebur: ga buta, ga cajar waya, ga ledar ƙyallaye, ga kwanon da aka sha kunu da shan ruwa. Wajen ƙarfe tara sai ɗif. Unguwa ta ɗauki salati baki ɗaya. Samarin nan huɗu suka janye ƙafa, kowa ya laluba aljihu ya zaro waya. Aka ja janareta, aka ja, aka ja, igiya ta tsinke a hannun yaron shago.

Mai shagon dattijo ne, gemu duk furfura. Bai ce uffan ba. Ya tashi ya sauke buta, ya kaɗe ƙura, ya ɗiga man keke a 'yan ramukan nan, ya mayar da bel kan gargare, ya ɗaure tocila a goshi da roba. Ya shafi wili da tafin hannu, ƙafa ta karɓa. Cakar-cakar-cakar. Kafin sha ɗaya kaftanin yarona ya fito har da aljihu. Da dattijon ya fita shan iska, sai ɗaya daga cikin samarin ya ce bari shi ma ya taɓa, ai ba wani abu ba ne. Taku biyu ya yi wili ya juya da baya, zare ya cukurkuɗe a ƙoshiya, allura ta ce ƙas. Shi ne fa gwanin shagon, mai yi wa 'yan gayu ɗinki. Keken sa'an kakansa ya kayar da shi a bainar jama'a, ya tashi yana cewa wai bel ne ya saki.

Na san abin da ke kan harshenka, ɗan samari: sauri. Kana da gaskiya, ba zan yi maka gardamar banza ba. Indastiriyal mai kyau yana iya zuba ɗinki 5,000 a minti guda. Keken ƙafa, ko gwani ne a kai, 'yan ɗaruruwa yake yi. Hannu da allura kuwa in ya yi 30 ko 40 ya yi ƙoƙari. Amma tun da kai ɗan boko ne, zo mu yi lissafi. Keken da ke yin 5,000 in da wuta, nawa yake yi in babu? Yawwa. To ninka amsar sau awa 12, ka gaya mini riga nawa ta fito.

Mun ma yi wannan lissafin a aikace cikin watan Oktoba na 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda a duhu. An lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan wanda ke hawowa daga Enugu ta Makurdi shi ma ya faɗi. Masu ƙanƙara suka yi asara, masu walda suka naɗe hannu, masu cajin waya suka zama sarakai. A layin teloli kuwa, shago biyu ne za ka ji motsi: na mai kuɗin fetur, da na wanda bai sayar da tsohon kekensa ga 'yan gwangwan ba.

Abin dariyar ma shi ne, wannan keken da kuke yi wa kallon kayan tarihi, shi ma an taɓa yi masa kallon ɗan bidi'a. A Faransa wani tela mai suna Thimonnier ya ƙera keken ɗinki a 1830, ya buɗe wurin ɗinka kayan soja da kekuna wajen 80. Telolin birnin Paris suka ga abincinsu zai ƙare, suka far wa wurin a 1831 suka farfasa kekunan. Ka ga teloli da rigima ba yau aka fara ba. A Amurka Elias Howe ya yi rajistar nasa a 1846, Isaac Singer ya biyo baya a 1851, shi ne sunan da ya cika duniya. Kamfanin Singer bai fito da keke mai amfani da lantarki ba sai a 1889. Shekara 38 ke nan ƙafa da hannu suna tufatar da birane, har da rundunonin soja, kuma bayan nan ma an ƙara shekaru masu yawa kafin gidajen talakawansu su ga wayar wuta. Mu nan kuwa, madatsar Kainji sai a 1968 aka kammala ta, NEPA sai a 1972 aka kafa ta, garuruwa da yawa ba su ga fal-waya ba sai can baya, wasu ma har yau suna jira. Ku je ku tambayi kakanninku ko a wancan lokacin da bante ake zuwa Idi.

Akwai masu cewa ɗinkin keken ƙafa ba ya ƙarko, wai zarensa sako-sako ne. Malam, zo mu leƙa cikin keken tare. Ƙafa tana taka feda, feda tana tura sandar ƙarfe, sandar tana juya babban gargare, bel na fata ya ɗauki juyin ya kai wa ƙaramin wilin da ke kan keke. Aikin ƙafa ya ƙare a nan. Daga wili zuwa allura, abin da ke faruwa a tsohon Singer shi ne ke faruwa a indastiriyal: allura ta nutsa da zaren sama, ƙoshiya ta cafke shi ta zagaya da shi bayan zaren kwarkwaro, su ƙulle a tsakiyar yadi, haƙora su ja yadin gaba. Moto bai ƙara wa ƙullin nan komai ba, ƙafa kawai ya hutar. In ɗinki ya yi sako-sako, a duba ɗaurin zare, a duba allura, a duba wanda ke zaune a kan kujera. Ni dai na yi shela: duk wanda ya iya juya riga ya nuna mini layin da aka yi da wuta da wanda aka yi da ƙafa, zan saya masa tsire. Har yau ba wanda ya ci tsiren nan.

Af, ga Hajiya ta sake ɗaga hannu. "Wibin fa? Aikin kwamfuta fa? Su ma da ƙafa za ka taka su?" A'a, ranki ya daɗe, nan kam kin kama ni. Keken kwamfutar nan mai zuba aiki a wuyan riga ba ya motsi sai da wuta, kuma yawancin kekunan wibin na shagunanmu haka suke. Amma ki tuna da ɗinkin da aka yi miki na aure, in dai kin kai shekarun da nake zato, kada ki harare ni. Bakin yadin ba wibin aka yi masa ba. Kalmasa aka yi, ko kuma aka ɗinka ta waje, aka rage baki da almakashi, aka juya aka sake ɗinkawa ta ciki, zare-zaren duka suka shige suka ɓuya. Ya fi cin lokaci, amma ya fi tsafta, kuma atamfar za ta mutu ta bar ɗinkin da ransa.

Sannan wa ya ce ɗinki duka a kan keke yake? Awo ba ya son wuta. Alli ba ya son wuta. Almakashi bai taɓa tambayar ko an kawo ba. Sa maɓalli, yin gidan maɓalli, kalmasar ƙafar wando, duk aikin hannu ne. Guga kuwa, dutsen gawayin nan mai ɗan zakara a ka yana nan a kasuwa, nauyinsa ma ya fi kwantar da shadda, in dai mai gugar ya san ya hure toka kafin ya kusanci farin yadi. Telan da ya san kansa yakan raba aikinsa biyu. Na wuta ya tara shi gefe, ana kawowa ya far masa ko ƙarfe biyun dare ne. Na duhu kuma ya yi ta yi. Tsofaffin teloli har dabarun ido gare su: baƙin yadi da shuɗi da rana ake yin su a bakin ƙofa, fari a bar wa dare. Mai ɗinkin hannu ya zura zare a allura biyar ko shida tun da sauran haske ya soke su a ƙyalle, don kada ya tsaya fama da kafar allura a gaban fitila. In ta kama dole, ya sa farar takarda a baya, kafar za ta fito.

Yanzu kai, Alhaji, da ke can gefe kana murmushi kana cewa ɗinkin hannu ai aikin marasa jari ne. Don Allah cire hularka ka duba. Zanna Bukar ce ko ƙube? Wace tashar wuta ce ta ɗinka ta? Wata baiwar Allah ce a cikin gida, ko wani saurayi a gindin bishiya, ya yi makonni yana soka allura ɗaya bayan ɗaya. Kai da kanka in ɗan kasuwa ya miƙo maka ta inji sai ka juya cikinta ka ce, "Wannan ai ba ta hannu ba ce," ka tura masa abarsa. Ka biya ta hannu ninkin-ba-ninkin, ka kafa ta a goshi, sannan ka zo nan kana raina allura.

Babbar riga kuwa, a nan dole in haɗiye girman kai irin na Bakano in sara wa Zazzagawa, ko da yake na san yau ba za su bar ni in yi barci ba. Ku shiga birnin Zariya ku ga yadda ake aikin hannu. Mai zane ya zana aska takwas ko aska biyu a jikin yadi, ga tambari, ga gidan biyar, sannan maɗinka su zauna a zaure da hasken Allah su bi zanen nan da zare har ya cika. Yanzu mata ma a cikin gida sun karɓi sana'ar. Riga guda takan ci makonni, mai nauyin aiki ta ci watanni. Daga nan a kai wa masu bugu, su shimfiɗa ta a kan gungume su yi ta dukanta da tabarya har ta yi ƙyalli. Tun daga zane har bugu babu inda aka taɓa makunni. Kuma ita ce rigar da sarakuna da manyan attajirai ke sawa ranar da suke so a san su ne. To, Zazzagawa, na yaba. A rubuta ranar, don ba kullum ba ne.

Sai mu zo kan abin da na san za ku fi yi mini dariya: bargon ƙyallaye. Wato a haɗa guntayen yadi a yi shimfiɗa ta sama, a sa auduga ko tsohon bargo a tsakiya, a sa wani yadin a ƙasa, a bi duka ukun da ɗinki su zama abu guda. "Wannan ai aikin tsofaffin matan Turawa ne da ba su da abin yi," in ji wani daga baya. To, suna yi kam. A Amurka akwai 'yan Amish, a jihohi irin su Pennsylvania da Ohio, waɗanda da gangan suka ƙi jawo wutar lantarki cikin gidajensu saboda aƙidarsu. Da keken ƙafa suke haɗa ƙyallayen, sannan mata su kewaye abin su bi shi da allura, kuma masu kuɗi har rububin sayen bargunansu suke yi. Mu ana ɗauke mana ba shawara, su kuwa su suka ce ba sa so. Akwai kuma wani ɗan ƙauye a jihar Alabama, Gee's Bend, na baƙaƙen fata jikokin bayi. Talauci da sanyi suka sa matansu suna yayyanka tsofaffin wandunan aikin gona da buhunan da suka mutu suna haɗa abin rufa. A 2002 aka rataye bargunan nan a manyan gidajen nuna zane-zane na Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunansu a jikin kan sarkin aika wasiƙa na Amurka. Tsumma ne fa, malam.

Amma kafin ka ce ai can ne, bari in tambaye ka: ka taɓa zuwa kallon hawan Sallah? Ka ga 'yan lifida? Wannan kauri-kaurin da aka lulluɓe doki da mahayinsa da shi, mai ja da rawaya da kore an yanka su kusurwa-kusurwa an jera, me kake zaton shi ne? Yadi ne sama, yadi ƙasa, audugar rimi a tsakiya, an bi shi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda. Shi ne dai abin da matan Alabama ke yi, sai dai su sanyi suke karewa, mu kibiya. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Fiye da shekara 600 ke nan. Barno ta san shi, Sakkwato ta yi yaƙi da shi, har yau ana ganinsa a Dosso ta Nijar da fadojin lamidai na arewacin Kamaru. Nauyinsa kan sa sai an taimaka wa barde kafin ya hau, amma kibiyar da ta shiga audugar nan sai ta rasa ƙarfin isa fata. Abin da ɗan lifidi ke tsoro ɗaya ne, wuta, don audugar rimi ba ta haƙuri da tartsatsi. Kun ga shi tun asali ma ba ya shiri da wuta, balle ya jira a kawo ta.

Saboda haka sana'ar tamu ce, mun dai bar wa dawaki ne. Mu kuma da hunturu ya kama sai mu ruga kasuwa mu sayo bargon Sin mai zanen damisa, wanda in ya sha wanki biyu sai ya koma kamar jiƙaƙƙiyar kyanwa. Alhali ku zagaya bayan kowane layin teloli bayan Sallah ku ga abin takaici: buhu-buhun ƙyallayen atamfa da shadda, masu tsada, an zuba a kwata sun toshe ruwa, ko an cinna musu wuta suna ta hayaƙi. Kakata, Allah ya jiƙanta, da ta ga wannan da sai ta yi kwana uku tana faɗa. Ita zani ba ya mutuwa a hannunta. In ya tsufa ta haɗa shi da 'yan'uwansa biyu ko uku, ta shimfiɗa a tabarma, ta bi su da dogon ɗinki, ya zama shimfiɗar jariri ko abin rufar jikoki. Ba ta san sunan abin da Turanci ba, ba ta kuma san cewa matan Bangladash suna yin irinsa da tsofaffin zannuwansu suna kiransa kanta ba. Ta dai san sanyi, ta san allura.

Mai son gwadawa, ba wani sirri a ciki. Ka roƙi telanka ledar ƙyallaye, zai ma gode maka. Ka ware su, atamfa da atamfa, shadda da shadda, kada ka haɗa leshi da kaki su yi ta jan juna. Ka wanke, don mai zuba ya zuba tun yanzu. Ka yanki kwali murabba'i ya zama ma'auni, ka fitar da ƙyallayen daidai wa daida, ka jera su layi-layi a keken ƙafa ko da hannu. In fuskar ta haɗu, ka shimfiɗa zani a ƙasa, tsohon bargo a tsakiya, ita a sama. Ka fara kama su da manyan ɗinki daga tsakiya zuwa baki, in ba haka ba zai tattare maka kamar goshin mai bin bashi. Sannan a bi da ƙananan ɗinki, tazarar yatsa uku tsakanin layi da layi, a naɗe baki. Aikin taro ne. Mata huɗu a tsakar gida bayan la'asar, ana hira ana soka allura, kafin a gama gulmar unguwa an ci rabi.

Na ga wani yana shirin cewa duk wannan daɗin baki ne na mutanen da suka saba da wahala. To ai waɗanda ba su saba ba ma tana kai musu ziyara. Ranar 28 ga Afrilun 2025 wuta ta ɗauke a Sifaniya da Fotugal baki ɗaya, jiragen ƙasa suka tsaya cak, duniya ta ɗauka. A mafi yawan wurare ko kwana guda ba a cika ba aka dawo da ita. Da na ji labarin sai na ce Allah sarki, 'yan koyo. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa sun ga ta gaske: bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke musu wutar da take ba su, wadda ita ce mafi yawan abin da suke amfani da shi, har sai cikin Maris na 2024. Ban ji an ce Damagarawa sun daina sa riga ba, ko da yake su dama ba a raba su da rawani, ko ba komai ya rufa asiri.

Kada fa wani ya tashi daga nan ya ce na ce duhu alheri ne. Ban faɗa ba. Duhu yana cin idon tela, feda tana cin gwiwa da ƙugu, kuma fitilar ƙwai kusa da tarin yadi da auduga ba abin wasa ba ce, shaguna sun ƙone a kan abin da bai kai wannan ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin fetur ya ninninka, telan da ke kunna janareta yini guda ribarsa a hayaƙi take tafiya. Wanda ya samu hali ya sa sola ya huta, amma teloli nawa ne ke da halin? Mai yara goma a shago da kwangilar kayan makaranta ɗari biyar ba zai fita da keken ƙafa ɗaya ba, ko shi aljani ne. Haƙƙinmu ne a ba mu wutar da muke biya, kuma ba mu yafe ba. Abin da na ƙi shi ne a mayar da "ba wuta" bargon rufe wani laifin. Telan da ya san ƙarfinsa riga 40 ne kafin Sallah, ya karɓi 120 saboda kuɗin kafin alƙalami, wannan ko a cikin madatsar Kainji ya kafa shago sai ya saɓa alƙawari.

Kuma laifin ba na teloli kaɗai ba ne, mu ma da namu. Mu ne muke kai yadi ranar 25 ga azumi muna cewa "don Allah ka taimaka". Mu ne in mun shiga shago muka ga tela a kan keken ƙafa sai mu ɗauka bai waye ba, mu wuce wurin mai ƙara. Su kuma iyayen gida sun daina koya wa yara taka feda, yaro ya shekara uku a shago ya karɓi 'yancinsa bai taɓa juya wili da tafin hannu ba. Ran da aka ɗauke sai ya zauna yana latsa waya, shi da kwastoma suna kallon juna.

Don haka kai telana, na san kana karantawa, don kullum kai ne mai cewa in turo maka abin da na rubuta. Tsohon keken nan na lungu, sauke masa buta. Bel ɗin fata da kwalbar man keke ba wani kuɗi ba ne. Ka sa kowane yaro ya yi awa guda a kansa kullum har ƙafarsa ta saba. Yadina yana nan tafe ranar Asabar, tun azumi da saura, kuma ledar ƙyallayen da ta rage kada ka zubar, ina so.